Zangon dare a bakin Maggiya

Wanda ya hau mota daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas, bayan wajen kilomita 15 zai iso Tsarnawa. A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe gabas zuwa Malbaza, Galmi, Madawa da Maraɗi. Ɗayar ta yi arewa zuwa Badagishiri da Tawa. Direbobi sun san garin da buhunan albasa da manyan motoci masu jiran lodi. Yawancin matafiya a nan suke shan ruwa, su sayi ɗan abin taɓawa, su wuce.

Amma akwai matafiyan da ba su hawa mota. Akwai makiyaya masu gangarowa daga arewa bayan damina. Akwai masu amalanke, da masunta, da ƴan ci-rani masu zuwa aikin albasa. Waɗannan ba su da masauki a cikin gari. Inda rana ta faɗi, nan suke sauke kaya. Gindin bagaruwa ne ɗakinsu, tabarma ce gadonsu.

Kwarin Maggiya ya daɗe yana saukar da irin waɗannan baƙi. Yana da ruwa, yana da itace, yana da duwatsu masu tare iska. Kwana ɗaya a bakinsa ya isa ya nuna wa mutum arzikin wurin. Zai kuma nuna masa abubuwan da ke neman ɓata shi.

Gulbin da ke gudu da damina

Maggiya ta taso ne daga duwatsun Adar, can wajen ƙasar Buza. Ta gangaro kudu maso yamma, ta bi ta Dogarawa da Tsarnawa, ta wuce Birnin Ƙonni. Daga nan ta ƙetare iyaka, ta zube a tabkin Kalmalo, kusa da Illela ta Najeriya. Kada a haɗa wannan Illela da Illela ta jahar Tawa, garin Sarkin Adar.

Duwatsun Adar ba su kai na Abzin tsawo ba. A Abzin akwai dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta wuce mita 2,000. Na Adar kansu shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, an lulluɓe shi da baƙin dutse da jar tsakuwa. Sai gefensu ya yanke, ya faɗa cikin kwari. Mai tafiya a sama ba ya ganin komai sai geza da sabara da fako. Da ya iso baki ya leƙa ƙasa, sai ya ga kore shar: gonakin dawa, garake, da layin itatuwa yana bin ruwa.

Ruwan saman ƙasar Ƙonni wajen milimita 500 ne a shekara. Kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. A lokacin ne Maggiya ke gudu. Da rani kuwa sai yashi da ƴan tabkuna nan da can.

Don a riƙe ruwan ne aka gina madatsun ruwa biyu gabas da Tsarnawa, waɗanda ake kira baraji. Na sama shi ne na Mozage, na ƙasa shi ne na Zango. Daga Zango an ja magudana mai tsawon wajen kilomita 15 zuwa tabkin Cerasa, kusa da Ƙonni. Daga Cerasa ruwa ke shiga babbar fadamar Ƙonni, mai faɗin hekta sama da 2,400. An yi wannan aiki tsakanin 1976 da farkon shekarun 1980. Albarkacinsa ake samun alkama da albasa da tumatir da kabeji a tsakiyar rani. Albarkacinsa kuma bakin Mozage ya zama mashaya, ya zama wurin su, ya zama zango.

Sallama kafin sauka

Baƙon kirki ba ya sauke kaya sai ya yi sallama. Kowane taƙi na kwarin yana da mai shi, ko da mutum bai ga shinge ba. Shi ya sa babban ayari yakan bar mutanensa a bakin burtali, ya shiga gari wurin maigari. In makiyaya ne, garso ko arɗo ke zuwa. Yakan durƙusa ya ce: “Ranka shi daɗe, baƙi ne. Muna neman wurin kwana da hanyar mashaya.” Maigari yakan tambayi inda suka fito, da yawan bisashensu, da kwanakin da za su yi. Sa'an nan ya haɗa su da yaro ya nuna musu wuri.

Wannan sallama tana da amfani uku. Na farko, baƙo zai san gonar da ba a kwashe ba, da garkar da aka dasa albasa. Na biyu, mutanen gari za su san ko su wane ne suka hura wuta a bayan gari. A shekarun nan an sha fama da ɓarayin shanu da ƴan bindiga a garuruwan bakin iyaka. Wutar da ba a san mai ita ba tana hana gari barci. Na uku, ɗan gari ya san halin ruwan ƙasarsu. Matambayi ba ya ɓata.

Zaɓen wuri shi ne babban aiki. Yashin cikin ƙorama yana da laushi, babu ƙaya, babu tsakuwa. Mai gajiya yana ganinsa sai ransa ya biya. To nan ne haɗari yake. Daga farkon bazara har ƙarshen damina, ba a kwana cikin ƙorama, ko da sama ta yi tas babu gajimare. Hadari yana iya zuba a kan duwatsu, nesa da inda mutum yake. Kan dutsen ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka sai ya taru a kwazazzabai, ya gangaro gaba ɗaya. Mai barci a ƙasa bai ji ko ɗigo ba, sai dai ya ji ƙugi. Kafin ya kwance turken jakinsa ruwa ya iso.

Masu wayo suna duba jikin itatuwa. Ambaliyar bara takan bar alama: tarkacen kara da ciyawa maƙale a rassa, da zanen laka a jikin kututture. Sama da wannan alama ake sauka, a ɗan tudu, inda akwai hanyar hawa dutse cikin duhu. Ba a sauka gab da gaɓar da ruwa ya rarake ƙarƙashinta, don tana iya ruftawa. Ba a sauka a kan burtali, don garke na iya biyowa da asuba.

Dare a gindin bagaruwa

Lokacin da zango ya fi daɗi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. Ƙorama ta daina gudu, tabkuna kuwa da sauran ruwa. Da la'asar sakaliya inuwar dutse takan faɗo kan kwari tun rana ba ta faɗi ba. Sai sanyi ya fara tasowa daga ruwa.

Kowa da aikinsa. Samari su kai shanu mashaya, su dawo su ɗaure maruƙa. Mata su kafa murhu da duwatsu uku, su ɗora tukunya. Yara su tsinto busassun kirare. Wani ya share wurin kwana da reshe, ya ɗaga duwatsu da sanda, saboda kunama da kububuwa. Kububuwa ƙarama ce, launinta irin na ƙasa, amma dafinta yana kisa. Wanda ta sara, a gaggauta kai shi gidan likita. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau.

Gab da magariba balbelu ke dawowa. Garke-garke suke zuwa, farare fat, su sauka kan bagaruwa har rassa su ranƙwafa. A kan ruwa akwai kirinjijiya da zalɓe. Akwai kuma ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka ƙetaro teku da hamada daga Turai don su ci rani a nan. Masana tsuntsaye na duniya sun sa tabkin Mozage da na Cerasa cikin jerin muhimman wuraren tsuntsaye na Nijar. Masunta su ma a lokacin suke fitowa da tarwaɗa da karfasa. Baƙo mai ƴan kuɗi sai ya saya, mai nono sai a yi musaya.

Bayan sallar isha sai a zauna a bakin wuta. Tuwon gero ko fura da nono, sa'an nan shayi. Daga garake ana jin ƙarar injin ban-ruwa har ya yi shiru. Daga kan dutse dila ke kuka. Kura kam ta yi wuyar gani. Kaza da ƴaƴanta suna sama ta gabas. Dattawa da su suke gane tafiyar dare, kamar yadda suke gane kusantowar asuba da gamzaki.

Sanyin kwari ya fi na tudu, domin iska mai sanyi ƙasa take kwantawa. Wanda ya zo babu bargo zai gane kurensa kafin asuba. Duk da sanyin, sauro bai ƙare ba a bakin tabki. A ɗaura sange, wato gidan sauro, tsakanin itace biyu. A fara sa yara da mata masu ciki, don su zazzaɓi ya fi kayarwa.

Ruwan tabki ma sai da hankali. Cikin ruwan da ke kwance akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana shiga ta fatar mai wanka ko mai wanki. Bayan wani lokaci sai yaro ya fara fitsarin jini. Wasu na ɗauka alamar girma ce. Ciwo ne, kuma maganinsa yana gidan likita. Ruwan sha a ɗebo shi a rijiya ko famfo. In babu, a tace shi, a tafasa. Da irin wannan kula aka kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.

Dajin da hannu ya shuka

Itatuwan bakin Maggiya iri-iri ne, kowane da aikinsa. Bagaruwa tana jure tsayuwa cikin ruwa, majema kuma da ƴaƴanta suke jima. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana. Da rani ya yi kore, ya ba bisashe inuwa da ƴaƴa. Akwai aduwa da magarya da kalgo da tsamiya.

Amma wanda ya ci gaba da hawa kwarin, ya wuce Dogarawa, zai ga wani abu dabam. Hanyar takan bi kusa da ƙasar Galmi, mai albasar da sunanta ya kai har bakin teku. A nan kusa ne Maratta take, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Can sama, a ƙasar Buza, sai ga dogon yaro a jere, layi bayan layi, ya ratsa kwarin. Wannan daji ba da kansa ya tsiro ba.

Bayan farin 1973 da 1974 kwarin ya tsiraita. Iskar gabas tana kwashe ƙasar gona. Da farkon damina yashi yana binne shuka, manomi ya yi ta maimai. A 1975 ma'aikatan gandun daji na Buza, da ƙungiyar CARE, da mutanen ƙauyuka suka fara dashe a wajen Garadume. Sun dasa dogon yaro layi biyu-biyu, a gicciye da hanyar iska. Tsakanin wannan katanga da ta gaba mita 100 ne. Daga baya an haɗa da bagaruwa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon layukan ya wuce kilomita 400. A wannan shekara ta 1975 ce kuma aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace a Nijar.

Aikin ya biya. Awon da aka yi wajen 1980 ya nuna geron da ke tsakanin layuka ya fi na fili da sama da kashi 20 cikin 100. Wato mai samun dami 10 ya samu 12. Da itatuwan suka girma, aka riƙa sare rassansu bi da bi, ana samun itacen girki da na gini.

Sai dai kowane alheri da nauyinsa. Lokacin da dashen yake ƙarami, an sa masu gadi, an hana dabbobi shiga. Makiyayan da suka saba sauka a wurin sun rasa kiwo na ƴan shekaru. Matan ƙauye masu awaki su ma sun ji a jikinsu. Manomin da layi ya bi ta gonarsa ya rasa ɗan yanki, geron da ke gindin itace kuma ba ya yin kyau. Saboda haka wanda ya kwana a inuwar nan yau ya sani an sha wahala kafin a same ta. Manomi ya ba da ƙasa, makiyayi ya ba da haƙuri.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Faransa da Amurka akwai mutanen birni masu biyan kuɗi don su kwana a daji. Suna barin gidajensu masu lantarki, su ɗauki tanti, su tafi bakin wani rafi a cikin duwatsu. Makiyayi zai yi mamaki, don abin da yake yi kullum shi ne hutunsu. Hukumar gandun daji takan keɓe musu wuri. Kowane tanti da filinsa da lambarsa. Akwai wurin hura wuta, da makewayi, da wurin zuba shara. Akwai mai gadi. Ba a sare ɗanyen itace, ba a barin wuta tana ci.

Duk da wannan tsari, ruwa bai bar su ba. Ranar 7 ga Agusta 1996, a ƙasar Sifen, hadari ya zuba a kan duwatsun Pirene. Akwai wani zango na masu tanti kusa da garin Biyeskas. An kafa shi ne a bakin kwazazzabo, daidai inda ruwan dutse ke fitowa. Ruwa da laka da duwatsu suka afka masa. Mutum 87 suka rasu.

A Amurka ma haka ta faru, a jahar Arkansas, daren 10 zuwa 11 ga Yuni 2010. Mutane suna barci a wani zango na gandun dajin gwamnati, a bakin rafi, tsakanin duwatsu. Cikin ƴan sa'o'i rafin ya hau wajen mita 6. Mutum 20 suka rasu, har da yara. Bayan haka hukuma ta hana kwana a wurin.

Waɗannan ƙasashe suna da mota da waya da masu aikin ceto. Ruwan dutse bai jira kowa ba. Halinsa ɗaya ne a can da Adar. A Nijar ma, ambaliyar daminar 2024 ta kashe sama da mutum 300. Abin da dattawan Adar ke faɗa wa yara game da kwanan ƙorama gaskiya ne, a ko'ina cikin duniya.

Maganin kwari yana kan dutse

Da safe, wanda ya duba bakin tabkin Mozage zai ga laka mai kauri. Wannan laka ƙasar gonakin sama ce. Kowace damina ruwa yana kankaro ta daga tudu, ya zuba ta cikin baraji. Kowace shekara cikin tabkin yana ƙara cikewa, ruwan da yake riƙewa yana raguwa. In ruwan Mozage ya ragu, mai garka a Ƙonni zai rage shuka. Masunci zai rasa kifi. Makiyayi zai tarar da mashaya ta ƙafe tun rani bai yi nisa ba. Asarar mai gonar tudu ita ce asarar mai gonar kwari.

Mutanen Adar sun san maganin abin. A 1984, shekarar babban fari, aka yi taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, zamanin Shugaba Seyni Kunce. A shekarar ce aka fara babban aikin Keita, da taimakon Italiya. An jera duwatsu, an haƙa ramuka, an dasa itatuwa a kan tuddai. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka.

A ƙasar Illela kuwa, a 1989 wasu manoma suka je Yatenga ta Burkina Faso. Sun ga yadda ake farfaɗo da fako da ƴan ramuka. Da suka dawo suka gyara tasu tsohuwar dabara, wadda ake kira tassa. A haƙa rami a fako tun da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki a ciki. In ruwa ya sauka sai ya tsaya a ramin, ya nutse. Gara takan bi takin, ta huda ƙasa, ruwa ya ƙara samun hanya. Ana kuma yin rabin wata, mai kama da tassa amma ya fi ta faɗi. Fakon da ba ya fid da ko ciyawa ya koma ba da gero.

A ƙauyen Batodi na ƙasar Illela an ga abin mamaki. Tsakanin 1994 da 2004 ruwan rijiyoyi ya hau da wajen mita 14. Ruwan da dā yake gudu ya tafi da ƙasa, yanzu yana shiga ciki. Har mata suka kafa garake.

Akwai kuma sassaben zamani, wanda ya bazu daga ƙasar Maraɗi tun shekarun 1980. Manomi ba ya tumɓuke kututture. Yakan zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya bar su su girma. A 2020 gwamnati ta fid da doka mai tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya raina a gonarsa. Ke nan itacen gona yana da mai shi. Baƙon da ya sassabe shi don bisashensa ya taɓa dukiyar wani. Gawo kuma yana cikin itatuwan da dokar gandun daji ta kare.

Mai gona da mai garke

Tun kaka da kakanni akwai amana tsakanin manomi da makiyayi a wannan ƙasa. In an kwashe amfanin gona, manomi yakan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su bar taki. Manomi ya ba da damin gero, matar makiyayi ta kawo nono. Wani gida da wata ruga sukan shekara da shekaru suna wannan hulɗa, har ƴaƴansu su gada.

Yau abin ya yi wuya. Mutane sun yi yawa, gonaki sun ci daji. Kara da harawa sun zama kuɗi, manomi yana kwashe abinsa ya adana. Garake sun kewaye tabkuna. Wani wuri an nome burtali. Wani wuri kuma garke ya sauko tun dawa tana tsaye. Daga nan ne faɗa ke tashi.

Ƙasar nan ta ga inda irin wannan faɗa ke kaiwa. A Toda ta jahar Maraɗi, a 1991, an rasa sama da mutum 100, yawancinsu mata da yara. A Bangi ta ƙasar Madawa, cikin Nuwamba 2016, an rasa aƙalla mutum 18. Babu gonar da ta kai ran mutum, babu saniyar da ta kai shi.

Doka ta tsara hanya. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, tun daga ƙauye har gunduma. A cikinsu akwai sarakuna, da wakilan manoma, da na makiyaya. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Ta hana toshe burtali da hanyar mashaya. Kowace shekara kuma hukumar jaha tana sa ranar sakin gonaki. Kafin ranar, makiyayi ya tsare dabbobinsa a burtali da makiyaya. Manomi kuma ya yi ƙoƙari ya kwashe amfaninsa kafin ta zo. In an yi ɓarna, a je wurin maigari da arɗo, a duba, a ƙiyasta, a biya. In abin ya fi ƙarfinsu, a kai gaba. Kada kowa ya ɗauki sanda ya yi wa kansa shari'a. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tashi

Da gamzaki ya fito, zango ya motsa. A yi salla, a tatsi nono, a ɗaura wa jakuna kaya. Balbelu su tashi su bi shanu. Hazo yana kwance a kan ruwa, kan duwatsu ya fara ja.

Kafin a ɗaga, akwai aikin da ba a mantawa. A kashe wuta da ruwa, a rufe tokar da ƙasa, a taɓa da hannu a tabbata ta huce. Iskar hunturu tana iya ɗaukar garwashi ɗaya ta cinye kiwon rani na ƙasa guda. A tsince leda a tafi da ita, don saniyar da ta haɗiye leda takan rame har ta mutu. Tsohon batirin tocila kada a jefa shi a ruwa. Wurin da aka yi bayan gida ya zama nesa da tabki, a kuma rufe shi. Ƙayar da aka yi shinge da ita a kawar da ita daga hanya.

Daga nan babban ayari ya koma wurin maigari da mai gona. Ya yi godiya, ya nemi gafara in yaransa sun yi wani kuskure. Su kuma su ce masa: “Allah shi kiyaye hanya, sai baɗi.” Baƙon da ya bar wuri da tsabta, in ya dawo baɗi da hannu biyu za a karɓe shi.

Garke ya bi burtali ya yi kudu. Mai amalanke ya nufi kasuwar Tsarnawa. Da hantsi babu abin da ya rage a gindin bagaruwa sai duwatsun murhu uku, da taki a gonar mai masauki. Duwatsun a nan ake barinsu, don mai zuwa gobe ya ɗora tasa tukunya.